Sinadarin hayaluronik: yana ƙarfafa garkuwar jiki ne ko yana kwantar da ita?

'Yar'uwa, kin tambaya ko sinadarin hayaluronik da ake sa wa a man shafawa yana taɓa garkuwar jiki. Yana taɓa ta, amma abin ya danganta ne da tsawonsa, domin sinadarin kamar dogon zare yake.

Ba baƙo ba ne a jikinmu. Masana kimiyya Karl Meyer da John Palmer ne suka fara ciro shi daga idon saniya a 1934, kuma babban mutum na ɗauke da kusan giram 15, wajen rabinsa a fata.

Idan yana nan dogo, bai tsinke ba, ƙwayoyin garkuwa suna ɗaukarsa alamar lafiya lau, kumburi ya lafa. Da zarar an ji rauni ko cuta ta shiga, sai ya daddatse. Waɗannan gutsattsarin su ne ake dangantawa da tayar da kumburi da kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Akwai wani makama a jikin fararen ƙwayoyin mai suna CD44. Da shi suke riƙe sinadarin a bangon jijiyar jini, su rage gudu, su kutsa inda ake buƙatarsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙwayar cutar da ke haddasa ciwon maƙogwaro, Streptococcus rukunin A. Takan lulluɓe kanta da wannan sinadari, garkuwar jiki ta ɗauke ta tamkar 'yar gida.

Na shafawa kuwa, yawancinsa a saman fata yake tsayawa yana riƙe danshi. Idan allurarsa kike tunani kuma kina da ciwon da garkuwa ke yaƙar jiki, don Allah ki fara ganin likita.