Amsa ga Malama kan satar amsa a gwajin intanet

Assalamu alaikum. Malama, na saurari saƙonki, wato kin ba da gwaji ta Google Form, fiye da rabin ajin suka cinye maki ashirin cif, kina tambaya ko ki tilasta a kunna kyamara ta Zoom. To, ni a ganina abin da kike nema shi ne ki tabbatar makin na ɗalibin ne. Kyamara ba za ta ba ki wannan ba. Yaro zai ajiye waya ta biyu a kan cinya, ke fuska kawai kike gani. Ga data, awa ɗaya ta bidiyo tana iya lashe rabin gigabait ko fiye, kuma Zoom na kyauta minti 40 yake yankewa. Wanda ke ƙauye da sabis layi ɗaya shi zai faɗi, ba mai satar ba.

Fara duba saitin fom ɗin nan. Akwai wurin da ake zaɓar ko maki ya fita nan take da an tura, da kuma ko ɗalibi ya ga amsar da ke daidai. In kin bar su a kunne, to mutum na farko da ya gama ya ɗauki hoton amsoshin ya zuba a guruf ɗinsu, shi ke nan, sauran kwafa kawai suka yi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya wallahi, malami ya raba amsa da hannunsa sannan ya dawo yana cewa yaran yanzu ba su da tarbiyya. Kashe saitin nan biyu, sai an rufe gwajin gaba ɗaya ki saki maki.

In makarantarku tana da Moodle, wato manhajar koyarwa da gwaji ta intanet, can ya fi. Ki tara tambaya 100 a rumbun tambayoyi, ki kasa su babi biyar, ashirin-ashirin, ki sa ya zaro wa kowa huɗu daga kowane babi. Kar ki zuba su wuri ɗaya, wani zai samu masu sauƙi zalla, wani masu wuya, rashin adalci ke nan. Ki sa a cakuɗa zaɓin amsoshin. Lokaci kuma, tambaya 20 minti 20... a'a, ba su 25, saboda shafi yana jan ƙafa kafin ya buɗe. Amma ƙofar shiga ki bar ta kamar awa huɗu, don wanda aka ɗauke wa wuta ya samu caji. Sannan ki zaɓi cewa in lokaci ya ƙare a tura abin da ya amsa kai tsaye, in ba haka ba wanda sabis ya yanke masa sifili zai tashi da shi.

Aikin rubutu kuwa, kar ki dogara da manhajojin da ake cewa suna gane aikin ChatGPT. Kamfanin OpenAI, mai ChatGPT ɗin, da kansa ya janye tasa a Yulin 2023 saboda ba ta cika daidai ba. Ki kayar da ɗalibi kan wannan, kin ɗauki alhaki.

Abin da ke aiki shi ne kira. Tun farkon semista ki sanar cewa bayan kowane aiki za ki zaɓi mutum goma ki kira su, minti uku-uku. Tambaya biyu kawai: me ya sa ka bi wannan hanya, kuma in na canja wannan adadi me zai faru? Wanda ya yi da kansa zai amsa ko da in-ina, wanda aka yi wa kuwa nan take za ki ji.

Kuma kar maki mai yawa ya rataya a gwajin gida. Ai NOUN ma, jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, maki 30 cikin 100 take ba aikin TMA, wato aikin da ake yi a gida, 70 a jarrabawar da ake zuwa cibiya a zauna. Turo mini hoton saitin naki in duba kafin ki sake ba da wani.