Ba mu da ɗakin gwaji, yaya zan koya wa 'yan aji ɗaya kimiyya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare da ke wajen Gusau, aji ɗaya nake riƙewa. A darasin kimiyya akwai batun kayan da muke amfani da su da abin da aka yi su da shi. Ba mu da komai sai allo da alli. Yara sun haddace "katako, ƙarfe, roba", amma in na ɗaga abu na tambaya sai su yi tsuru-tsuru. Ina mafita?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika damu da wannan.

Tsuru-tsurun nan ba daƙiƙanci ba ne. Yaro ɗan shekara 6 ya san kwano sarai, amma bai taɓa raba kwano da abin da aka ƙera shi da shi ba. A wurinsa kwano kwano ne. Wannan rabuwar ita ce darasin gaba ɗaya, kuma ba ta shiga ta kunne, sai ta hannu. Saboda haka ki zo da abu mai aiki ɗaya amma asalinsa daban-daban: kwanon silba, robar cin abinci, akushi, ƙwarya, kaskon ƙasa. Su taɓa, su ƙwanƙwasa, su ɗora a kumatu. Wanne ya fi sanyi? Wanne ya fi ƙara? Wanne Inna za ta yi faɗa in ya faɗi? Daga amsoshinsu sunayen za su fito.

Sai ranar bokitin ruwa, wadda ita na fi so ki ba lokaci. Sharaɗinta ɗaya ne: kada abu ya shiga ruwa sai kowane yaro ya faɗi hasashensa, zai nutse ko zai yi iyo. Kusan dukkansu za su ce mai nauyi ne ke nutsewa. Kar ki gyara musu. Ki miƙa musu 'yar ƙaramar ƙusa da babban guntun icce, su auna a hannu, sannan a jefa. Ƙusa ta tafi ƙasa, icce yana sama. Za ki ga aji ya kaure da gardama, wani ma ya ce a sake. A sake ɗin. Daga nan wani zai yanke hukunci cewa ƙarfe ne ke nutsewa, sai ki ɗora kwanon silba a kan ruwan ya zauna abinsa, ki karkata shi ya cika, ya nutse. Ba sai kin yi musu dogon bayani ba. Ya isa su gane cewa abin da aka yi abu da shi yana da tasiri, siffarsa ma haka. A ganina kuskuren da ya fi yawa a azuzuwanmu shi ne malami ya faɗi amsa kafin yaro ya sami tambaya.

Maganaɗisu kuma ba sai kin saya ba, masu gyaran rediyo suna cire shi daga tsohuwar sifika. Gwangwanin madara zai manne, gwangwanin lemo da tukunyar dalma ba za su manne ba, alhali duka yara na kiran su ƙarfe.

Zoɓo ma kayan gwaji ne. Ki jiƙa shi ba sukari, ki raba a kofuna uku masu nuna ciki. Na farko a bar shi. Na biyu a matsa lemon tsami, jansa ya ƙara haske. Na uku a ɗiga jiƙon kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu mai kore-kore. Launin zoɓo yana canzawa ne gwargwadon tsamin abin da ya haɗu da shi, kanwa kuwa kishiyar tsami ce. In aka matsa lemo isasshe a kofi na uku, jan yakan dawo, kuma wannan dawowar ta fi ba su mamaki.

Idan zafi ya shigo, ki sa kowa ya jiƙa hannu ɗaya ya kaɗa biyun a iska. Jiƙaƙƙen ya fi sanyi, domin ruwa in zai bushe yana tafiya da zafi. Sirrin randa ke nan: jikinta yana tsatsafo, na jarka ba ya yi. Ki ba su labarin Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe ba su lalace ba, har ya ci lambar yabo ta kamfanin agogon Rolex a shekarar 2000.

In yaran suna da yawa, ki kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da robar ruwansa, don gwajin da malama kaɗai ta yi a gaban aji kallo ne. Gwaji ɗaya ya ishi darasi ɗaya. Ki bar su su yi gardamarsu da Hausa, sunayen Turanci su biyo baya.

Ki kafa doka tun ranar farko cewa ba a kai kayan gwaji baki. Ƙananan maganaɗisu da batirin agogo kada su shigo ajin ko kaɗan, haɗiye su yana da haɗari ƙwarai. Kanwa ke za ki riƙa zubawa saboda ido, ƙusa ki ƙirga kafin da bayan darasi, ruwan bokiti kuma a zubar da zarar an tashi saboda ƙannensu masu rarrafe.