Amsoshin Tambayoyinku: Littattafan Tonon Kufai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 16 ya kamu da son littattafan Turancin nan da masu tonon kufai ke cin karo da abin al'ajabi a ƙarƙashin ƙasa. Wanne zan fara saya masa? Daga wata uwa a Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki fara da Timeline na Michael Crichton, wanda ya fito a 1999. Ɗalibai ne ke tono a Faransa, sai suka tarar da takardar neman agaji da hannun malaminsu, alhali ta haura shekara 600 a binne. Wata na'ura ce ta mai da su 1357 nemansa. Labarin ya ƙare a littafi ɗaya, aljihunki zai huta. Sandstorm na James Rollins (2004) ma yana da daɗi, a kan Ubar ne, ɓataccen birnin nan na Oman da wasu ke dangantawa da Iram. Sai dai shi ne farkon jerin da ya haura littafi 15, in yaro ya ɗanɗana, kin shiga uku da saye. Duka biyun akwai zubar da jini, ki ɗan leƙa kafin ki miƙa masa.

Tambaya: Sabo ko gwanjo? Daga Tudun Wada.

Amsa: Gwanjo, Malam, ba karatun jarrabawa ba ne. Ka dai duba shafukan ƙarshe suna nan.

Tambaya: Malam, na ga wani littafi da ke cewa halittun wata duniya ne suka gina dalar Masar. In saya? Daga wani ɗalibi a Kawo.

Amsa: In ƙagaggen labari ne, saya ka sha nishaɗi. In kuwa ya zo maka da rigar bincike, irin wanda Erich von Däniken ya fitar a 1968, riƙe kuɗinka. An tono unguwar ma'aikatan da suka gina dalar Giza, da gidajen burodinsu da kaburburansu. Kuma ka lura, galibi aikin mutanen Afirka da makamantansu ake jinginawa baƙin sama, ban taɓa jin an yi wa cocin Turai haka ba.

Ga mu da namu a jihar nan ta Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba. A 1943 wani kan yumɓu daga Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar dabbobi, ya isa hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin tonon kufai, shi ya gane tushensu ɗaya da na Nok. Mutanen da suka ƙera waɗannan kayan suna narka ƙarfe a Taruga da ke kusa da Abuja fiye da shekara 2,000 da suka wuce, kuma a 2005 masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara tono a yankin. Kafin ka kashe kuɗin littafin, ka hau Keke Napep zuwa gidan tarihi na titin Ali Akilu ka fara ganin kayan da ke ciki.