Filin Tambaya da Amsa: Shin Na'ura Tana Ganin Aikin Glutamet Yayin da Mutum Yake Tunani?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Sakkwato. Ɗalibaina sun nuna mini hoton ƙwaƙwalwa mai ɗigon ja da rawaya, an rubuta cewa masu bincike sun ga makarɓan glutamet suna aiki lokacin da mutum yake lissafi. Shin hakan yana yiwuwa? Kuma glutamet ɗin nan shi ne wanda yake cikin farin magi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka tsaya neman tabbaci kafin ka ba yara amsa. Abin da aka rubuta yana da ƙamshin gaskiya, amma an yi masa ƙari.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma galibinsu ba su manne da juna ba, akwai ɗan rata tsakaninsu. Idan saƙo ya iso ƙarshen ƙwaya, sai ta fesa wani sinadari ya tsallaka ratar ya sauka a kan makarɓan da ke jikin ta gaba. Glutamet shi ne babban sinadarin da ke zaburar da ƙwayoyin. Makarɓansa iri-iri ne, amma biyu sun fi shahara. AMPA yana buɗewa nan take ya wuce da saƙo. Shi kuwa NMDA a toshe yake da sinadarin magnesiyam, ba ya buɗewa sai glutamet ya iso a daidai lokacin da ƙwayar ta riga ta zaburu, sannan kalsiyam ya shiga ya ƙarfafa mahaɗar, wato wurin da ƙwayoyin biyu suke miƙa wa juna saƙo. A nan ne koyo yake samun gindin zama. A shekarar 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka nuna a ƙwaƙwalwar zomo cewa mahaɗar da aka yawaita zaburarwa tana daɗewa da ƙarfinta, sannan a 1986 Richard Morris ya toshe NMDA a ɓeraye, sai suka kasa koyon inda aka ɓoye musu matattaka a cikin kwamin ruwa.

Matsalar ita ce a dabba ana iya buɗe ƙoƙon kai a soka waya, amma a mutum mai rai dole a leƙa daga waje, kuma na'urori uku da ake amfani da su ba abu ɗaya suke aunawa ba.

Hoton da ɗalibanka suka kawo, bisa yadda ka kwatanta shi, ya fi kama da na ta farko a cikinsu, wato fMRI, wani nau'in awo da injin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI, dabarar da ta samo asali daga aikin Seiji Ogawa a 1990. Wannan na'ura ba ta ganin glutamet, balle makarɓansa. Abin da take bi shi ne jini mai ɗauke da iskar oksijin, wanda yake kwarara zuwa sashen da ya yi aiki bayan daƙiƙa 4 zuwa 6. Tamkar mutumin da ya hau soro ne ya hango 'yan garuwa suna ta tura kura zuwa wani gida, ya fahimci ana hidima a ciki, amma bai san abin da ke kan murhu ba. Ja da rawayan nan ma kwamfuta ce ta shafa su bayan ta kwatanta lokacin aiki da lokacin hutu.

Ta biyu, MRS, a cikin injin MRI ɗin ake yin ta, sai dai maimakon hoto tana fitar da ma'aunin sinadarai a wani ɗan yanki, sau da yawa mai faɗin santimita biyu ta kowane ɓangare. Da ita ake auna yawan glutamet yayin da mutum yake kwance yana amsa tambayoyin da ke fitowa a allo, misali a nuna masa haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya danna maɓalli duk lokacin da harafi ya yi daidai da wanda ya wuce sau uku baya. A 2022 Antonius Wiehler da Mathias Pessiglione da abokan aikinsu a birnin Faris suka sa mutane yin irin wannan aiki na kimanin awa shida, wasu mai wuya, wasu mai sauƙi. Waɗanda suka sha mai wuyar an samu glutamet ya fi taruwa a gefen gaban ƙwaƙwalwarsu, sashen da ke kula da tsari da kame kai, kuma da aka ba su zaɓi sai suka karkata ga ƙaramin kuɗi na yanzu a kan mai yawa na gaba. Wannan bincike ya burge ni ƙwarai, domin ya nuna gajiyar tunani tana da alama a jiki, ba lalaci ba ce kullum, kuma ina ganin ya kamata mai tsara jadawalin darussa ya yi la'akari da hakan kafin ya ajiye lissafi a ƙarshen yini cikin zafin watan Afrilu. Duk da haka MRS jimilla take bayarwa, ba ta faɗin wane makarɓi ne ya buɗe.

Wadda take kaiwa ga makarɓan kansu ita ce PET. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari mai ɗan tururin nukiliya wanda aka ƙera don ya manne wa makarɓi iri ɗaya, na'urar kuma ta bi sawunsa. An daɗe ana amfani da irin wannan sinadari mai suna ABP688 wajen auna wani makarɓin glutamet da ake kira mGluR5, kuma a 2020 masu bincike a Yokohama ta Japan suka fitar da K-2 mai manne wa AMPA. Na NMDA ne ya fi ba masana wahala. Sai dai awon PET yana cin mintoci masu yawa, alhali glutamet yana gama aikinsa cikin ƙasa da ƙiftawar ido, saboda haka tana nuna yawan makarɓan da inda suke ne, ba buɗewarsu lokacin da aka haɗa bakwai da takwas ba. Ga kuma tsada: ƙarfin tururin kabon-11, wanda shi ne ke ba waɗannan sinadarai tururinsu, yana raguwa da rabi duk bayan kimanin minti 20, dole injin da ke samar da shi ya kasance kusa da ɗakin awo.

Amfanin wannan ilimi ya riga ya shigo asibitocinmu. Ketamin da ake sa majiyyaci barci da shi a ɗakin tiyata NMDA yake toshewa. A 2007 Josep Dalmau ya bayyana wata cuta da garkuwar jiki ke far wa NMDA, wadda ta fi kama 'yan mata, tana zuwa da sambatu da ruɗewa da farfaɗiya. Irin wannan a wurinmu an fi danganta shi da iskoki, alhali yana da magani, shi ya sa nake roƙon iyaye su gaggauta kai mai waɗannan alamomi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

Batun magi kuwa, sinadarin ɗaya ne. Kikunae Ikeda ya gano a 1908 cewa shi ne ke ba romo armashi, kuma akwai shi a daddawa da tumatir da nonon uwa. Amma hanji yana ƙone mafi yawan wanda aka ci, kuma shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa yana tare saura, ita ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata. Don haka ka gaya wa ɗalibai magi ba ya ƙara basira, abin lura a cikinsa shi ne sinadarin sodiyam, musamman ga mai hawan jini.