Tallafin nakasa da gyaran gida

Kin tambaya ko kuɗin tallafin mahaifinki mai keken guragu zai biya gyaran gidansa. Yawanci irin wannan tallafi yana biyan gyaran da lalurar ta jawo, kamar yin gangare a bakin ƙofa, faɗaɗa ƙofar banɗaki da kafa ƙarfen riƙewa a bango. Yoyon rufi da fenti kuwa, yawanci na mai gida ne.

Da aka zo duba gidan yayata, mun bar ma'aikaciyar masu ba da tallafin ta ga yadda yayar tawa take shiga wanka da kanta, wannan ne ya gamsar da ita. Ki rubuta duk inda Baba ya taɓa faɗuwa ko keken ya maƙale, don ki nuna wa masu zuwa duba gidan. Kuma don Allah kada ki fara aiki sai an amince a rubuce, domin in kin fara kafin nan, da wuya a mayar miki da kuɗin.