Hukuncin Ɓoye wa Ma'aikata Labarin Rufe Masana'anta

Tambaya: Malam, ni manaja ne a wani kamfanin casar shinkafa a Gombe. Maigidana ya ce zai rufe bayan wata uku saboda tsadar dizal, amma kada ma'aikata su ji, don kar su watse kafin a gama aikin da aka karɓa. Shin akwai laifi idan na yi shiru?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Rufe kamfani halal ne, ba a tilasta wa mutum ci gaba da asara. Matsalar tana wajen ɓoyewar.

Malam manaja, ka fi ni sanin yaranka. Wanda ya ji labari tun yana karɓar albashi yana da sararin zaɓe: ya leƙa wani kamfanin, ya yi cinikin albashi, ko ya kama gona a Dadin Kowa kafin lokacin shuka ya wuce. Wanda kuwa ya zo da safe ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ga kuɗin haya ga bashin mai shago, duk abin da aka miƙa masa zai karɓa, ko da rabin albashinsa ne. Wata ukun nan dukiya ce a wurinsu, ita maigidanka yake son cinyewa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa babu cuta babu cutarwa, Muslim kuma ya ruwaito cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

Sannan Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya shekara biyar a ba shi notis na wata ɗaya, mai shekara biyu zuwa biyar mako biyu, ko a biya shi kuɗin kwanakin. Wannan wajibi ne, tunda a kansa aka ɗauke su. (Ni ina ganin ya yi kaɗan, a Amurka wata doka ta 1988 notis na kwana 60 ta ɗora wa manyan kamfanoni.) Abin da ya wuce haka, muddin an riga an yanke shawara kuma shirun zai cutar da su, ina ganin sanarwa ita ce daidai.

Tsoron maigidanka yana da magani: ya yi alƙawarin ƙarin kuɗin sallama ga duk wanda ya tsaya har ranar ƙarshe, a rubuce.

Kai kuma, kada ka fara da tona sirrin da aka ba ka. Ka same shi keɓe ka yi masa nasiha. Idan ya ƙi, ka gaya masa ba za ka yi ƙarya ba in an tambaye ka, ba kuma za ka bar wani ya ci bashi dogaro da albashin da ka san ba zai zo ba. Allah ne mafi sani.