Tambarin Fairtrade a jikin gahawa

Tambaya: Na ga ledar gahawa mai tambarin Fairtrade ta fi sauran tsada. Shin ƙarin kuɗin yana isa hannun manomi kuwa? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malama, wani kaso yana isa, amma ba kai tsaye ba. Ƙungiyar Fairtrade, mai hedikwata a Bonn ta Jamus, ta yanke farashin da mai saye ba zai sauka ƙasa da shi ba. A Agustan 2023, ta sa shi dala 1.80 kan laba guda, wato giram 454, na gahawa nau'in Arabika da aka wanke. Sai ƙarin senti 20 da ke shiga asusun ƙungiyar manoma, su zauna su yanke abin da za a yi da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne ciniki. Ƙungiyoyi da dama a Habasha ko Kolombiya ba sa samun mai sayen duk amfaninsu a wannan farashi, ragowar sai kasuwa ta yi halinta, ga kuɗin da suke biya wa masu binciken da ke tabbatar da cewa sun bi ƙa'idojin Fairtrade.

Ki lura kuma, tambarin koren kwaɗo na Rainforest Alliance daban ne, ba ya yanke mafi ƙarancin farashi.